Kafin A Ɗage Zama, A Ajiye Kuɗin Tuwo

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun shari'ar Musulunci a Kano ya haddace wannan karatun. Maga-takarda ya kira ƙara, mai ƙara ta miƙe da goyo a bayanta, wanda ake ƙara kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Sai ƙaninsa ko lauyansa ya taso: "Allah ya gafarta Malam, ya yi tafiya Legas, muna roƙon a ba mu wata rana." Alƙali ya buɗa littafi, ya sa mako uku. In ranar ta zo, ya dawo daga Legas amma zazzaɓi ya kwantar da shi. A zama na gaba lauya ne yake babbar kotu. Na bayansa kuma, wai sammaci bai same shi hannu da hannu ba.

Wannan ba rikicin fili ba ne, jama'a. Fili yana nan inda yake ko shekara goma aka yi ana ja. Magana ce ta yaran da za su tashi gobe da safe su nemi koko. Uwarsu ta ranci kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa, ta bar wankau ko ƙullin da take sayarwa, ta yini a tsakar kotu, ta koma gida da kwanan wata a takarda. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da kwanon masara suka koma. Shi gogan naka ya san lissafin sarai: in ta yi sawu huɗu ko biyar za ta gaji, ta ce ta bar shi da Allah. Abin da yake jira ke nan.

Akwai ma abin da ya fi ƙona mini rai. A fiƙihun Malikiyya, wanda da shi kotunanmu suke hukunci, ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma Muhtasar na Halil ya nuna cewa ciyarwar da lokacinta ya wuce tana faɗuwa, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Bazawara nawa ce ta san ta kafa shaidu kafin ta dafa wa ɗanta taliya? Ke nan kowane wata da aka ɗage kafin hukunci, ana iya cewa kyauta aka yi wa uban. Lauyansa ya san haka, in shi bai sani ba.

Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan, Manzon Allah (SAW) bai ce ta je ta dawo wani wata ba. Nan take ya yi mata izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Mu da muke tinƙaho da dawo da shari'a tun shekarar 2000, muka ƙara da Dokar Kare Yara a 2023, mun kasa fitar da kuɗin sabulu daga aljihun mutumin da yanzu haka yake haɗa lefen sabuwar amarya.

Na san ana ciwo, ana rasuwa, hanya tana ɓaci. Ban ce kada a taɓa ɗage zama ba. Cewa nake yi kada a ba da shi kyauta. Wanda ya roƙi wata rana, a yanke masa ciyarwar wucin gadi a wannan zaman, ya ajiye ta wurin rajistara kafin a rubuta sabon kwanan wata, ya haɗa da kuɗin motar matar da ya wahalar. Wanda ya ce ba shi da lafiya ya kawo takardar asibiti, ba rantsuwar ƙaninsa ba. In ya sake ƙin zuwa, a saurari mai ƙara a yanke hukunci a bayan idonsa. Ma'aikaci a rubuta wa wurin aikinsa a cire daga albashi. Ɗan kasuwa a tura masa ɗan sandan kotu har rumfa, ai matar da ta haifa masa 'ya'ya huɗu ba za ta ɓata layinsu ba.