LIKITA YA KOYI CIWON, AMMA WA YA KAI GA LIKITA?

Jama'a, cutar korona ba sau ɗaya ta zo mana ba. Sau huɗu ta taso a Nijeriya tsakanin 2020 da ƙarshen 2021, kuma wanda aka kwantar a asibiti a karon farko bai sami irin sa'ar wanda aka kwantar a karo na huɗu ba.

Ran 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da ita a Kano. Likitoci ba su san kanta ba tukuna. Ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano ma sai da aka rufe shi na ɗan lokaci. Kasuwa a rufe, ga azumi, ga masu haƙan kabari ba hutu. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979, kuma wajen rabinsu ko fiye ana jin cutar ce sanadi. Ya ce da yawansu a gida suka cika.

Daga nan abu ya sake. Cikin Yunin nan likitocin Ingila suka gano cewa desametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Aka koyi kwantar da majiyyaci rub da ciki, aka koyi ba shi iskar oksijin da wuri. Da ta dawo a Disamba 2020 an san inda za a kama ta. Allurar rigakafi ta iso a Maris 2021. Samfurin Delta na daminar 2021 ya yi zafi, amma Omikron na Disamba, duk da saurin yaɗuwarsa, bai cika kashe wanda ya kama ba kamar na baya.

Madalla. To, amma wannan sauƙi na wanda ya kai gadon asibiti ne. Ina aka buɗe manyan wuraren jiyyar? Kwanar Dawaki, Giginyu, da filin wasa na Sani Abacha, duk birni da bakin birni. Su mamatan 979 ma a ƙananan hukumomi takwas na birni aka ƙirga su. Kiru kuwa an tuna da ita sa'ad da ake neman inda za a killace almajirai.

Mutumin Riruwai da numfashi ya sarƙe masa sai ya nemi kuɗin mota, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, sa'an nan ya fara zancen Kano. Mai neman iska ba ya jiran sa'o'i. Shi ma ɗan ƙasa ne, shi ma ana karɓar kuɗin rumfa a hannunsa ran kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar a Mayu 2023, amma limoniya da ƙyanda ba su tafi ko'ina ba, kuma yaran da suka kayar oksijin ɗin nan suke bukata.

Abin da muke nema a fili yake. A sa oksijin da wutar da ba ta ɗaukewa a asibitocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. A ba kowanne motar ɗaukar majiyyaci mai mai a cikinta. A riƙa rubuta wanda ya shiga, da wanda ya warke, da wanda ya rasu, a kafe lissafin kowane wata a ƙofar asibiti. 'Yan kasuwar Kwanar Ɗangora da na Daɗin Kowa, in ciyaman ko kansila ya zo muku, ku tambaye shi tulun oksijin nawa ne a asibitinku, ku ce ya kai ku ku gani da ido.