Landan Ba Ita Kaɗai Ce Ingila Ba

Wanda ya saba da gidajen GRA ta Katsina, masu yalwar fili da inuwar darbejiya, zai sha mamaki ran da ya sauka Landan neman ilmi. Can ɗaki guda ake kamawa, a yi tarayyar madafa da makewayi, haya kuwa ta lashe guzuri.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade wa mai neman bizar karatu ya nuna fam 1,483 na kowane wata in Landan za shi, fam 1,136 in wani gari ne. Cikin wata tara ratar ta kai fam 3,123.

Wani zai ce Landan ta fi aikin lada. To, amma doka ta tsaya ga awa 20 a mako lokacin karatu.

Me ke ruɗarmu in ba son a ce wane yana Landan ba? Bradford da Hull suna da jami'o'i, hayarsu da sauƙi. Ilmi muka je nema, ba suna ba. Iya ruwa, fid da kai.