A Taimaki Mutanen Rufa'a Su Riƙe Asusunsu Da Hannunsu

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, wayar hannu ta zama ƙofar asibiti ga talaka. Garin Rufa'a da ke gabashin kogin Nilu, daura da Hasahisa a jihar Jazira, ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, lokaci guda da birnin Wad Madani, inda manyan asibitocin ƙoda da na ciwon daji suke. Sojojin gwamnati sun karɓe Madani a Janairun 2025, to amma ɓarnar da aka yi wa asibitoci ba ta gyaruwa cikin dare ɗaya.

A wannan hali ne 'yan uwanmu Hausawa na ƙauyukan Jazira, har zuwa Maiurno, suka koma neman likita ta WhatsApp, suna biyan kuɗin magani ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Wanda ba shi da asusu, ko ɗansa ya tura masa kuɗi daga Saudiyya, sai ya bi ta hannun wani.

Nan ne gizo ke saƙa. Buɗe asusu yana bukatar lambar ɗan ƙasa, wadda Hausawan Sudan da dama suka daɗe suna shan wahala kafin su samu, duk da cewa kakanninsu sun zauna a ƙasar fiye da shekara 100. Yana bukatar layin waya da kuma karatun Larabci. Tsohuwa mai hawan jini ko ciwon sukari sai ta miƙa wayarta ga yaron shago, ya buɗe mata, ya zaɓi lambar sirri, wani lokaci ma da layinsa ya yi rajistar. Ranar da yaron ya yi ƙaura, asusun ya tafi da shi, haɗe da kuɗin magani da hotunan sakamakon gwaji da likita ya nema.

A ganinmu, taimakon da ya bar mai asusu bai san lambarsa ba, rabin taimako ne. Duk mai buɗe wa wani asusu ya yi da sunan mai shi da layinsa, ya zauna da shi har ya iya turawa da karɓa da kansa. Mace kuma mace ta koya mata, domin akwai ciwon da ba za ta iya nuna wa yaron kasuwa ba. A kuma riƙa ajiye takardar likita a gida. Ba mu manta da Fabrairun 2024 ba, sa'ad da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, jama'a suka koma biyan kuɗi awa-awa a wurin masu Starlink.

Kiranmu ga 'yan kasuwa ne, musamman masu zirga-zirga tsakanin Gadarif da Galabat. Ku ne masu waya, ku ne masu tsabar kuɗi, kuma an sha kokawa da yadda wasunku ke yankar kaso mai tsoka kafin su mayar da kuɗin Bankak tsaba. Kuɗin majinyaci bai kamata a yanka ba. Shugabannin kasuwa su ware teburi guda a ranar kasuwa, su ɗora amintattun matasa biyu, namiji da mace, masu jin Hausa da Larabci, ƙungiya ta riƙa biyansu ladan aikinsu.