Yadda Kare Ke Kallon Ubangidansa

A harshenmu na Hausa da wuya a sami dabbar da ta sha zagi kamar kare. In an so a ci mutuncin mutum sai a kira shi kare, yaron da ke bin direba a ce masa karen mota, wanda kuma manya ke turawa ya yi musu ɓarna a ce masa karen farauta. Amma duk da wannan raini, in dare ya tsala a nan Minna, tun daga Bosso har Chanchaga, daga Maitumbi har Kpakungu, magidanta da yawa ba su runtsawa da kwanciyar rai sai don sun san akwai kare a ƙofar gida. To, mu dai mun san yadda muke kallonsa. Abin da ya kamata mu tambaya a wannan mako shi ne, shi kuma yaya yake kallonmu?

Da farko dai kare da hanci yake sanin duniya. Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin jin wari da ke hancin kare suna iya kaiwa miliyan 300, alhali na ɗan Adam ba su wuce kamar miliyan 6 ba. Idonsa kuwa bai kai namu rarrabe launi ba, yana gane shuɗi da rawaya, amma ja da kore suna rikita shi. A shekarar 2014 wani malami mai suna Gregory Berns na Jami'ar Emory a Amurka ya horar da karnuka 12 su kwanta shiru cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sa'an nan aka riƙa sa musu wari iri biyar a hanci: na jikinsu, na karen da suka sani, na baƙon kare, na baƙon mutum, da na wani mutumin gidansu. Sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa in dabba tana sa ran wani abin daɗi ya fi motsawa ne a kan warin mutumin gida, ko da yake mutumin ba ya wurin. Watau warin gumin da kai kake ƙyama a rigarka, shi kare albishir ne a gare shi.

Bayan hanci sai kunne. A shekarar 2016 Attila Andics da abokan aikinsa na birnin Budapest a ƙasar Hangari suka gwada karnuka 13 da irin wannan na'ura. Sun gano cewa kare yana lura da kalmar da aka faɗa masa, yana kuma lura da muryar da aka faɗe ta da ita, kuma ba ya jin daɗin yabo sosai sai kalmar da muryar sun dace da juna. Mafarautanmu na ƙasar Gwari ba su bukatar na'ura kafin su yarda da wannan. In rani ya yi aka shiga daji, kowane kare yana tsince kiran maigidansa a cikin hayaniyar mutane da yawa, yana kuma gane kiran da ke nufin ya bi sawu da wanda ke nufin ya komo.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne maganar ido. Masu bincike na Jami'ar Azabu a Japan sun ba da labari a shekarar 2015 cewa in kare da maigidansa suka daɗe suna kallon juna, wani sinadari mai suna oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu su biyu. Wannan sinadari kuwa shi ne wanda ke ƙarfafa shaƙuwa tsakanin uwa da jaririnta. Da aka gwada kerkeci wanda mutane suka rena tun yana ƙarami, ba a ga haka ba, ko da yake shi ne ɗan'uwan kare na jini. Tun a shekarar 1998 ma wasu masanan na Hangari suka nuna cewa in aka kai kare baƙon ɗaki, yana sakewa ya yi wasa muddin maigidansa na nan, da zarar ya fita sai ya koma bakin ƙofa ya tsaya, kamar yadda ƙaramin yaro ke yi in uwarsa ta ba da baya. Ashe a wurin kare, ubangida shi ne mafaka, ba mai jefo ƙashi kaɗai ba.

Addini bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi da ya kwanta a bakin kogo tare da mutanensa. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. An yi izinin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, an kuma yi umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Watau an iyakance kusancinmu da shi, amma ba a ba kowa izinin ya zalunce shi ba.

To, yaya muke saka masa? Mutum zai karɓo ɗan kwikwiyo don tsoron ɓarayi, ya ɗaure shi a rana da guntun sarƙa, ruwan sha sai an tuna. In ya girma abinci ya gagara, sai a kwance shi da dare a ce ya je ya nemi na kansa. Daga nan sai juji, sai bayan kwata, sai cuɗanya da karnukan da ba su da mai su. Da asuba ya komo gida yana kaɗa wutsiya, gama shi har yanzu a ganinsa yana da ubangida, alhali kuwa ubangidan bai san inda ya kwana ba, balle abin da ya cije shi.

Nan ne maganar ta wuce tausayin dabba ta zama maganar rayukan 'ya'yanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 daga cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samunsa. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da ƙyar ƙwarai ake tsira. Abin takaici kuwa shi ne maganin rigakafi ba sabo ba ne, tun shekarar 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a Faransa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin ta karnuka a ƙasar nan.

Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, ciwon zai daina yaɗuwa. Amma wa zai riƙe kare a soka masa allura? Ma'aikacin asibitin dabbobi baƙo ne, kare ba zai tsaya masa ba. Mutumin da kare ya san warinsa, ya san muryarsa, ya amince da hannunsa, shi kaɗai ne zai kira shi ya zo ya kwanta. Haka kuma shi ne zai fara lura in halin karensa ya sake, ya daina amsa kira, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya tarar, ko ya yi lamo a lungu ba dalili. Wanda bai taɓa duban karensa ba, ba zai ga wannan ba sai bayan an ciji ɗan maƙwabci.

Saboda haka muna kira ga duk mai kare a Minna da kewaye ya kai shi asibitin dabbobi tun yana ɗan wata 3, ya kuma riƙa sabunta allurar kowace shekara, ya ba shi ruwa da abinci da inuwa, ya hana shi yawon dare. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a garzaya da shi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi su ma ya kamata su riƙa kai allurar unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni, kada su jira sai ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don tunawa da wannan ciwo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya san ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, gara ya nemi kwaɗo mai ƙarfi ya sa a ƙofarsa, ya bar ɗan kwikwiyo wurin uwarsa. Allah ya kiyashe mu, ya kiyaye mana zuriya.