RA'AYI: Ƙaurar shafi zuwa sabuwar saba ba aikin injiniya kaɗai ba ne

A watan Maris na 2019 kamfanin MySpace, wanda ya yi tashe kafin Facebook ya ƙwace fagen, ya fito ya amsa cewa hotuna da bidiyo da sautukan da jama'a suka ɗora a shafinsa kafin 2016 sun salwanta. Ba gobara aka yi ba, ba kuma masu kutse ne suka shiga ba. Kamfanin ya ce yana kwashe kayansa ne daga tsohuwar saba zuwa sabuwa. An ƙiyasta cewa waƙoƙi kusan miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14 ne suka tafi a wannan ƙaura. Abin da cibiyar Internet Archive ta iya tattarowa daga baya bai kai rabin miliyan ba.

Na kawo wannan labari ne saboda mu ma muna cikin zamanin ƙaura. Tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, kuɗin hayar saba da ake biya da dala ya zama nauyi a wuyan ƙananan kafofin labarai da makarantu da ƙungiyoyi. Wasu na neman mai rahusa, wasu na dawo da kayansu gida, wasu kuma tsohuwar na'urar ce ta gaji. Duk dalilai ne masu kyau. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake miƙa aikin ga yaron kwamfuta a ce ya gama kafin Litinin, edita ya tafi hutun ƙarshen mako, kamar kujeru za a sauya wa ɗaki.

Saba dai kwamfuta ce da ke kunne dare da rana, a cikinta shafi yake zaune. Shafin jarida kuwa ba abu guda ba ne. Akwai rumbun bayanai inda rubutun yake, akwai hotuna da ke ajiye daban, akwai adireshin kowane labari, akwai imel na ma'aikata, akwai kuma takardar shaidar tsaro da ke sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a gefen adireshi. Kowanne na iya ɓacewa shi kaɗai, fuskar shafin kuma ta fito tas. Mai gida ya buɗe wayarsa, ya ga labaran yau, ya ce an gama.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wata asara tamu ta musamman. A wata kafa da na taɓa yi wa aiki, mun wayi gari bayan ƙaura muka tarar tsofaffin labaranmu sun cika da alamar tambaya. Duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, babu harafin. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san sana'ar: tsohon tsarin haruffa na Latin-1, wanda aka yi domin harsunan yammacin Turai, ba shi da gurbin haruffanmu masu lanƙwasa, tsarin UTF-8 ne ke ɗauke da su. Idan aka zuba rumbu daga wannan tsari zuwa wancan ba tare da lura ba, ɗaya daga abu biyu ke faruwa. Ko dai ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™, wanda muni ne amma ana iya gyarawa, domin bayanin na nan. Ko kuma ta koma alamar tambaya, wanda ba shi da magani sai an koma ga kwafin asali. Mu ta biyun ce ta same mu, kuma an riga an rufe tsohuwar sabar don a huta da biyan haya biyu.

Wani ya ba da shawarar a bi da na'ura a maye gurbin alamomin da k da d da b. Amma na'ura ba ta san wane gurbi ne na wane harafi ba, kuma ko ta sani, baƙi ba baki ba ne, ƙasa ba kasa ba ce, wanda ya ƙera ba kira ya yi ba. Makonni muka yi muna bin labari ɗaya bayan ɗaya, har muka gaji muka bar na shekarun baya yadda suke. Injiniyan bai yi ganganci ba. Ba ya jin Hausa, ya gwada shafin Turanci ya ga lafiya lau. Laifin namu ne, editoci, da ba mu zauna kusa da shi ba.

Sai batun adireshi. Labarin da aka buga shekara biyar da ta wuce yana yawo a WhatsApp, yana cikin kundin digirin wani ɗalibi, wani lauya ya ambace shi, mai bin diddigin alƙawuran gwamna ya ajiye shi. Idan sabon shafi ya sauya tsarin adireshi ba a saka umarnin da ke tura mai karatu daga tsohon zuwa sabon ba, duk waɗannan hanyoyi sun toshe, sai lambar nan 404. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har yau manazarta na samun tsofaffin kofenta a ɗakunan adana tarihi su karanta. Abin kunya ne a ce labarin 2016 ya fi na 1946 wuyar samu. Kuma kada mu manta akwai waɗanda ɓacewar wasu labarai ke yi wa daɗi. "Matsalar saba" uzuri ne mai sauƙin bayarwa.

Za a ce ƙaramar kafa ba ta da kuɗin ɗaukar ƙwararru. Na yarda. Sai dai yawancin abin da ake buƙata ba kuɗi ba ne, natsuwa ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki cikakken kwafi a ajiye a wani wuri daban, a kuma gwada buɗe shi, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. A ƙirga labarai da hotuna kafin a tashi, a sake ƙirgawa bayan an sauka. Wannan aikin edita ne, ko ɗan koyo zai iya. A buɗe sabon shafin a ɓoye, mai jin Hausa ya zaɓi labarai daga kowace shekara ya karanta da idonsa. Sai ya sa hannu sannan a karkata sunan shafin zuwa sabuwar saba, kuma ba a jajibirin zaɓe ko ranar gabatar da kasafi ba.

Tsohuwar sabar kuwa a bar ta a kunne ko da wata guda ne. Hayar wata ɗaya ita ce abin da muka ƙi biya a wancan karon.