Wa Zai Kwashe Tokar Murhun Ƙungiya?

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa sun tara kuɗi sun sa mai walda ya tsaga duro biyu, ya yi masa ƙafafu, ya ɗora raga a kai. Da wannan murhun gawayi muke gasa nama ran Kirsimati da ran godiyar kaka, da shi kuma matanmu suke gasa ɗanyar masara su sayar a bakin hanya. Amma mun ga yadda yake ƙarewa. An gama biki, kowa ya suɗe hannu ya tafi, an bar murhu a bayan ɗakin ajiya cike da toka. In shekara ta zagayo aka ɗaga shi, sai gindi ya zube, a ce mai walda ya cuce mu da ƙarfe marar kauri.

Mu dai ba mu ga laifin mai walda ba. Kowace mace da ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san akwai gishiri mai kaifi a cikin toka. Wuta ta riga ta cinye fentin duro, ƙarfe yana tsirara. Sai toka ta sha raɓa da ruwan sama, ta riƙe laima da gishirin nan a jikin ƙarfe wata da watanni. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta huda shi.

Waɗansu suna cewa ƙarfen da ke shiga wuta ba ya bukatar wanki, wai ma tsohon maiƙo shi ke ƙara wa nama daɗi. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da baƙin kitsen da ya daskare. Shi ne ke kiran ɓera da kyankyaso cikin ɗakin ajiya, inda irinmu yake. In aka sake hura wuta sai ya narke ya ɗiga, harshen wuta ya tashi, nama ya ƙone a waje cikinsa ɗanye, ga ɗaci. Toka kuma ta toshe kafofin iska, gawayi ya ƙi kamawa, a yi ta fifita, har wani ya gaji ya zuba kalanzir ko ya cusa leda, hayaƙin ya bi abincin da yaranmu za su ci.

Murhun da ya toshe ko ya hude yana cin gawayi fiye da kima, gawayi kuwa itace ne. Masu turbuɗa itace a ƙasa sukan ƙone kilo 5 ko fiye kafin su sami kilo 1 na gawayi, kuma ƙirya da marke da kaɗanya suke nema. Kaɗanyar nan ita ce ke ba matanmu man kaɗe.

Aikin ba shi da wuya in an yi shi a ranar. Da an sauke nama, raga tana da ɗumi, a kankare ta da totuwar masara ko tsinken itace. Wanda ya sa burushin waya ya duba da kyau, gama silin waya yakan karye ya maƙale, ya shiga nama. A wanke da sabulu da yashi, a shanya ta bushe sarai, a shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada a shafa baƙin mai na inji. Kada kuma a sheƙa ruwa a kan garwashi cikin murhu, ƙarfe yakan lanƙwashe. A rufe shi da faifan ƙarfe iska ta yanke, ragowar gawayin a yi amfani da ita gobe. Washegari a taɓa tokar a tabbata ta huce, domin garwashi yakan kwana da rai a cikinta, iskar hunturu kuma ba ta raga wa jinka. A kai tokar lambu, sai dai kada a gauraya ta da takin Yuriya, tana korar ƙarfinsa ya bi iska. A shimfiɗa yashi kaurin yatsa biyu a gindin murhu kafin a zuba gawayi. Wajen ajiya kuwa a juye yashin, a kife murhun a kan duwatsu ƙarƙashin rufi.

Duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki bai cancanci zama murhu ba, ko an wanke shi sau goma. Kuma kome sanyi, kada a shiga da murhu mai wuta ɗakin kwana a rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Duk mun san wannan aiki, abin da babu shi ne wanda aka ɗora wa. Famfon feshi yana da mai riƙo, ma'auni yana da mai riƙo, murhu kaɗai aka bari na kowa. Shawararmu ita ce a taro mai zuwa kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya, magatakarda ya rubuta sunansa a littafi. Mai aro ya biya ɗan abin da aka yarda a kai, ya komo da murhu a wanke, mai riƙo ya duba gindi da raga a gabansa kafin ya karɓa. Kuɗin aron a ware shi don man gyaɗa da sabulu da sabuwar raga.