Laifin Ba Na Waya Ba Ne

'Yan uwa marubuta, kullum kukanmu ɗaya ne: imel ya ƙi goge saƙo. Sai mu garzaya wurin mai gyaran waya a kasuwar Sakkwato, mu miƙa masa kalmar sirri, tare da duk labaranmu da ba a buga ba. Wannan ganganci ne!

Gigabait 15 Gmail ke ba mu kyauta, kuma Drive da Photos suna ci a ciki. Saƙon da muka goge kwana 30 yake yi a kwandon shara, yana tare wuri. Wanda muka ture gefe da yatsa kuwa, galibi ɓoye shi kawai aka yi. In akwati ya cika, sabon saƙo ba ya shigowa, ko da amsar gasar Hikayata ce.

Mu zubar da kwandon da kanmu, mu rage bidiyon biki. Amma kafin nan, mu kwafe rubutunmu a wani wuri. Garin nan ya riƙe waƙoƙin Nana Asma'u sama da shekara 150. Mu namu zai gagara?